A daina liƙa wa babur kujera da guntun rodi

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in yi magana a kan wani aiki da mutane suke ɗauka ƙarami alhali rai ne a kansa, wato ɗaura wa babur kujerar da ba da ita ya fito daga kamfani ba. Ni mai walda ne, a Suame Magazine, matattarar masu aikin ƙarfe da gyaran mota ta Kumasi a Ghana, na koyi sana'a, kuma yau shekara 26 ke nan ina wannan aiki, tara na farko a ƙarƙashin maigidana, sauran a rumfata da ke wajen Aboabo a nan Kumasi. Ban saba rubuta wa jarida ba, amma abin da ya zo gabana a daminar da ta wuce ya hana ni yin shiru, musamman da yake na san 'yan'uwana masu sana'a da samarinmu na Zango da yawa suna karanta wannan jarida a wayoyinsu.

Wata Laraba da hantsi wani saurayi ya turo babur ɗinsa ƙirar Boxer har bakin rumfata, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya yana dafe da kujera. Ɗan unguwarmu ne, na san mahaifinsa tun muna samari. Bayan mun gaisa sai ya ce da ni, "Baba, jiya Allah ne kawai ya kiyaye. Na ɗauko Mma daga wurin suna a Tafo, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, sai kawai na ji kujera ta karkace, kafin in waiga Mma tana ƙasa." Da yake ana yayyafi ba ya gudu, kuma motar da ke bayansu ta ba da tazara, don haka abin ya tsaya a targaɗen hannu da gurjewar gwiwa. Na ce masa ya gaida ta, ya yi mata sannu, sannan na sa yarona ya kifa kujerar a kan benci.

Kujerar doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan babur domin mai son goyon mutum biyu ko ɗaura kaya, kuma ramukanta ba su dace da na babur ɗin ba ko kusa. Wanda ya ɗaura ta, ban san shi ba kuma ban tambaya ba, ya datse kunnuwan da kamfani ya yi wa firam, ya samo guntayen rodin gini biyu masu kaurin milimita 10, ya liƙa su da walda a jikin bututan baya, sannan ya zura ɗaya bakin cikin robar gindin kujera ya lanƙwashe shi da guduma. Rodin hagu ne ya karye, daidai gefen walda. Na ɗauki guntun na nuna wa saurayin fuskar karayar a cikin hasken rana. Fiye da rabinta ya yi baƙi da tsatsa, ya yi sumul kamar an goge shi, sai wani ɗan gefe kamar jinjirin wata ne kawai yake ƙyalli da sabon ƙarfe. Na ce masa, "Ɗana, wannan baƙin da kake gani makonni ya yi yana tsagewa a ƙarƙashinka ba ka sani ba, wannan ɗan farin ne kaɗai yake riƙe da mahaifiyarka jiya." Da muka kankare fenti a jikin bututun dama, sai ga wata tsaga siririya kamar gashi ta zagaye kusan rabin bututun, ita ma daga bakin walda ta taso. Wannan ta fi ta farko tayar mini da hankali, domin rodi idan ya karye kujera ce ta tafi, amma bututun firam idan ya karye bayan babur ne gaba ɗaya zai zauna a kan taya.

Ba na ganin laifin mai canza kujera. Ta kamfani takan yage, soson ya sha ruwa ya mutu, wani kuma yana son wadda ta fi faɗi saboda doguwar tafiya zuwa Ejura ko Techiman, wani gajere ne yana son ƙafarsa ta kai ƙasa sosai. Baburan da suka cika garin nan, irin su Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya da Haojue na ƙasar Sin, kowanne da tsarin bayansa, kujerun kasuwa kuwa ana yin su ne don su kusa dacewa da babura da yawa, shi ya sa ba su cika dacewa da ko ɗaya daidai ba. Saboda haka dole a ƙera wani abu da zai shiga tsakanin kujera da firam, wanda ni nake kira mazauni. Yadda ake ƙera wannan mazauni shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda zai yi wannan aiki ya kamata ya fara cire kujerar asali ya zauna ya dube ta da kyau, domin darasin duka yana jikinta. A gabanta akwai harshe da yake shiga ƙarƙashin wani ƙarfe a bayan tanki, shi ne yake hana ta ɗagawa. A gindinta akwai 'yan robobi huɗu ko shida masu kauri waɗanda suke zama a kan bututan firam. A baya ko a gefe kuma akwai bol biyu, yawanci masu kaurin milimita 6 ko 8. Mutane da yawa suna zaton bol ɗin nan ne suke ɗauke da mutum, alhali ba haka ba ne. Nauyin mahayi da na wanda aka goya yana sauka ne ta kan robobin zuwa bututai, su kuwa bol da harshe aikinsu shi ne su hana kujera zamewa gaba ko baya ko gefe. Wanda ya rataye kujera a kan rodi biyu, gindinta yana lilo bai taɓa firam ba, ya juya aikin ke nan, ya ɗora wa mai tsaron ƙofa kayan ɗan dako. Kowane rami aka faɗa rodin zai ɗan lanƙwasa ya dawo, kuma kowa ya san yadda ake karya waya idan babu filaya: lanƙwasa ta ake yi gaba da baya har ta gaji ta rabu. Haka ƙarfe yake gajiya, sai dai shi a ɓoye yake yi, ba ya kuka.

Game da walda a jikin firam kuwa, ina so 'yan'uwana su saurare ni da kunnen basira, domin ni ma da ita nake ci da iyalina. Bututun bayan ƙananan baburan nan kaurin bangonsa bai wuce milimita 2 ba, wani ma bai kai ba. Injin waldar da yawancinmu muke da shi na sanda ne, kuma sandar da ta fi yawa a rumfunanmu geji 10 ce, mai milimita 3.2, wadda aka saba yin ƙofa da taga da ita. Idan aka kawo wannan wuta kan siririn bututu, ko dai ta huda shi a cike ramin da narkakken ƙarfe, ko ta ci gefen walda ta bar ɗan kwari a wurin. Ko da ba ta huda ba, ƙarfen da ke kewaye da walda ya sha zafi ya huce da sauri, yanayinsa ya canza, ga shi kuma an haɗa abu mai kauri da marar kauri, don haka duk motsin da firam zai yi a bakin waldar nan yake taruwa. Rodin gini shi ma ba a san haɗinsa ba, wani yana yin gautsi da zarar ya sha wuta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, to a nan waldar ce take tsaga bangon, ruwan sama da ramukan hanya su ƙarasa aikin. Ƙari a kan haka, wannan wuta ana kunna ta ne taku ɗaya daga tankin fetur, da batir a haɗe, da wayoyi a kwance a jikin bututun. Na sha ganin babur da ya zo gyaran kujera ya koma gida da ƙonannen abin tayar da wuta, mai shi yana mamakin abin da ya haɗa kujera da inji.

Huda bututun da injin huda domin a zura bol shi ma ba mafita ba ce, ko da yake ya fi walda sauƙin ɓarna. Rami yana rage ƙarfin bututu a daidai wurin, yana buɗe wa ruwa ƙofa ya kwanta a ciki, kuma idan aka ɗaure noti da ƙarfi bututun yakan lotse, bayan kwana kaɗan ɗaurin ya saki. Ƙa'idar da maigidana ya ɗora ni a kai, Allah Ya jiƙansa, ita ce mazauni ya bi babur, kada a tilasta wa babur ya bi mazauni. A yi amfani da ramuka da kunnuwan da kamfani ya riga ya yi, duk walda kuma a yi ta a kan benci, nesa da babur.

Bari in faɗi yadda muka yi da babur ɗin saurayin nan, domin aikin ya fi bayani a aikace. Da yake an riga an lalata firam, dole muka fara da jinyarsa. Muka cire tanki muka kai shi bayan rumfa, muka kwance batir, muka janye wayoyi, muka yanke sauran rodin da injin gurza a hankali. Na huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar domin kada ta ci gaba, na cike ta da sanda geji 12 a kan wuta kaɗan, ina yi ina hutawa, sannan na rufe wurin da rabin bututu mai tsawo wanda na fere bakunansa kamar bakin kifi, saboda kada ƙarfin ya yanke a layi ɗaya. Mariƙin wayar ƙasa na injin walda a jikin bututun na maƙala shi, kusa da inda nake aiki, domin idan aka maƙala shi a taya ko a nesa wutar takan bi ta cikin boris ta ƙona su. Na mayar da kunnuwa biyu a gurbin da aka datse na asali. Wannan ita ce kaɗai waldar da muka yi a jikin babur ɗin, kuma da ba a lalata firam aka datse kunnuwan farko ba da ko ita ba za a yi ba.

Daga nan sai muka koma kan kwali. Yarona ya yanko kwalin madara, muka shimfiɗa shi a kan bututan, na bi da kan guduma ina ɗan bubbuga gefen ramuka har siffarsu ta fito a jikinsa. Muka kifa kujera muka yi haka a gindinta da wani kwalin. Da aka ɗora wannan a kan wancan, aka daidaita layin tsakiya, sai bambancin ya fito fili: ramukan kujera sun fi na babur matsowa ciki da milimita 18 kowane gefe, kuma sun ja baya da kusan milimita 40. Masu koyon sana'a suna jin kunyar kwali, suna ganin kamar aikin yara ne, sun fi son a gan su suna auna abu da ido. Gaskiya ne ido ya san kima, amma ba mudu ba ne, kuma kuskuren da aka yi a kan kwali almakashi ne yake gyara shi, wanda aka yi a kan ƙarfe kuwa sai an sake sayen ƙarfe.

Sai maganar tsawo, wato tazarar da ke tsakanin gindin kujera da bututai, wadda ba a iya ganinta idan an ɗora kujera. A nan dabarar tsofaffi muke yi. Na aiki yaro ya ɗebo yumɓu, muka mulmula ƙwallaye shida kamar goro, muka jera su a kan bututan inda robobi za su zauna, muka ɗora guda a kan batir, guda a bakin akwatin iska, muka rufe kowanne da 'yar leda, sannan muka ɗora kujera saurayin ya hau a hankali. Da aka ɗaga ta, kowane ƙwallo ya baje daidai tazarar wurinsa. Na gaba sun koma kamar waina, milimita 8, na baya kuwa da ƙyar kujera ta taɓa su, sun tsaya a milimita 22. Ka ga ke nan duk watannin nan bayan kujerar a iska yake, daidai inda uwar yaron take zama.

Mazaunin da kansa ba wani abin mamaki ba ne. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne na yau da kullum, faɗin milimita 30, kaurin milimita 4, gicciye biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya a baya, da dogaye biyu da suka haɗa su kamar tsani. Gicciyen baya na lanƙwasa bakunansa ƙasa su sami kunnuwan firam. Wajen lanƙwasawa ba a matse ƙarfe a buge shi ya yi kusurwa mai kaifi, kuma ba a tsaga shi da zarto don ya yi sauƙin lanƙwasuwa, abin da na ga yara da yawa suna yi. A kan guntun rodi ake naɗe shi domin gwiwar ta fito da zagaye, nan ne kaɗai rodi yake da amfani a wannan aiki. Ramin bol mai milimita 8 ana huda shi milimita 8.5 ko 9, kuma daga tsakiyar rami zuwa bakin ƙarfe kada ya gaza milimita 15, in ba haka ba bakin yakan yage. Ramukan da za su haɗu da kujera na ɗan ja su suka yi tsawo, domin a sami damar matsar da ita kaɗan a daidaita. A gaba na ƙera sabon harshe daga wannan ƙarfe, na naɗe shi da roba yadda zai shiga ƙarƙashin ƙarfen tanki ya cika wurin ba tare da kaɗawa ba. A ƙarƙashin tsanin, inda ya gitta bututai, muka sa robobi da aka yanka daga gefen tsohuwar tayar mota, kowanne da kaurin da yumɓu ya nuna, har kujerar ta zauna daram tun ba a ɗaura ko bol ɗaya ba. Wannan ita ce jarrabawar da nake yi wa kowane mazauni: idan ba zai ɗauki mutum ba sai da bol, to bai gama ƙeruwa ba.

Gindin yawancin kujerun kasuwa roba ce mai tauri, kuma roba ba ta jure matsi a wuri ɗaya. Kan bol kaɗai idan ya zauna a kanta, sannu a hankali yakan nutse ya fasa ta. Don haka muka kai kujerar wurin mai kushin ya ɓare leda da soso, muka sa faffaɗan washa daga ciki, muka yi amfani da bol mai sumul ɗin kai, zarensa yana kallon ƙasa. Na taɓa ganin kujerar da aka juya mata bol, tsininsa yana cikin soso yana kallon mahayi. Soso yakan mutu da zama, kuma ranar da aka faɗa babban rami wannan tsini ba zai tsaya a soso ba.

Shi kansa bol ɗin a duba kansa kafin a saya. Wanda aka buga wa lamba 8.8 shi ne na wannan aiki. Mai milimita 8 a cikinsu yana jure jan da ya kusa tan 3 kafin ya tsinke, alhali mai lamba 4.6 rabin haka yake ɗauka, kuma yana fara miƙewa tun da wuri, wanda babu lamba a kansa kuwa sai Allah Ya san abin da aka narka aka yi shi. Notin ya zama mai 'yar roba a bakinsa, domin injin silinda ɗaya ba ya daina karkarwa, kuma noti na yau da kullum yakan bi wannan karkarwa ya kwance kansa. A ɗaure da sufana mai tsawon tafin hannu har ya kama sosai, kada a ƙara mata bututu, domin ƙaramin bol mai milimita 6 ba ya buƙatar ƙarfin da ya wuce na wuyan hannu. A kuma lura da cewa baburan Asiya da yawa kan bol ɗinsu mai milimita 8 sufana 12 yake ci, na kasuwa kuwa 13, saboda haka mai babur ya tabbata yana da wadda za ta buɗe kujerarsa a kan hanya idan batir ya ba shi matsala.

Akwai wurin da muka yi saɓani da saurayin, kuma ina ganin ya kamata a ji shi. Kujerar ta zarce ƙarshen bututan da kusan milimita 150, shi kuma yana so in ƙara ƙarfe in tallafi wannan wutsiya domin ya riƙa ɗaukar mutum biyu. Na ce masa ba zan yi ba. Nauyin da ya zauna bayan ƙarshen firam yana aiki ne kamar mai danna bakin tabarya a ɗaga dutse, yana ninka wahalar da ke kan bututan, musamman wanda muka yi wa jinya yanzu. Bayan haka, duk nauyin da ya wuce gindin tayar baya yana sauƙaƙa tayar gaba, kan babur ya riƙa rawa, birkin gaba ya rage kamawa, a hawan tudu ma gaban ya nemi ɗagawa. Ya ce, "Baba, ai kowa haka yake yi." Na ce masa na sani, shi ya sa kowa yake zuwa da karyayyen firam. A ƙarshe mai kushin ya rage tsawon kujerar, ya sake ɗinke ledar, ta tsaya inda ƙarfe ya tsaya.

Kafin mu ɗaura na ƙarshe mun gwada tazarar taya. Mutum biyu masu jiki suka hau suka danna bayan babur iyakar yadda zai sauka, ni kuma na durƙusa ina leƙen ko wutsiyar wani bol za ta kusanci taya ko murfinta. Ɗaya ya yi tsawo, muka rage shi. Mun tabbatar ƙarfen bai kusanci kawunan batir ba, domin idan ya haɗa su gobara ce a ƙarƙashin mutum, kuma bai toshe bakin iska ba, bai danne waya ba. Sai aka goge mazaunin, aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, aka bi da baƙi, muka bar shi ya kwana. Kumasi gari ne mai damina biyu a shekara, ƙarƙashin kujera kuma wuri ne da ruwa da laka suke kwana, saboda haka ƙarfen da ba a yi wa fenti ba ba ya daɗewa.

Na san abin da wasu abokan sana'a za su ce, kuma ba ƙarya za su yi ba. Liƙa rodi minti 15 ne, wannan aiki kuwa ya ci mana yini ɗaya da rabi, mai babur yana tsaye yana duba agogo, kuɗin da ke aljihunsa bai kai na ƙarfe da bol ba, idan ka ƙi yi kuma rumfa ta gaba za ta yi. Amma babur ɗin da ba a taɓa lalata wa firam ba, aikinsa ba ya wuce rabin yini ga wanda ya saba, kuma kwalin da aka yanka wa Boxer ɗaya zai yi wa duk 'yan'uwansa idan kujerar iri ɗaya ce. Ni yanzu ina da kwalaye bakwai rataye a ƙusa, kowanne da sunan babur a jikinsa. Mai babur kuma ya kamata a nuna masa guntun ƙarfen da ya karye ya riƙe da hannunsa, domin na lura wanda ya ga wannan baƙi da farin ba ya sake yin ciniki a kan kuɗin bol.

Ba ilimi muka rasa ba a garin nan. Suame Magazine, wadda ta samo sunanta daga ma'ajiyar makamai ta zamanin Turawa inda masu sana'ar farko suka taru kafin su koma Suame, tana cikin manyan matattarar masu aikin ƙarfe da gyaran mota a Afirka, kuma tun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wato KNUST, ta buɗe cibiyar yaɗa fasaha mai suna ITTU a cikinta domin kusanto da ilimin injiniya ga masu aikin hannu. Mutanen da suke ƙera bodin tirela da injin niƙa ba za a ce mazaunin kujera ya gagare su ba. Abin da ya faru shi ne an raina aikin, an bar wa yaron da bai shekara da riƙe sanda ba. Ina roƙon manyan masu sana'a, da shugabannin ƙungiyoyinmu, su mayar da wannan aiki cikin abin da ake koya wa yaro da gaske kafin a yaye shi, kuma su hana a kunna wuta a jikin babur da tankinsa a kai.

Lokacin da aka kafa dokar hanya ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, ta hana ɗaukar fasinja da babur don kuɗi, an kuma daɗe ana muhawara a ƙasar nan kan halatta okada, wato hayar babur. Duk inda doka ta tsaya, goyon iyali bai taɓa tsayawa ba, domin a Aboabo da Asawase da Sawaba babur shi ne motar gida, da shi ake kai yara makaranta, da shi ake kai tsohuwa asibiti. Saboda haka ina roƙon jami'an DVLA, hukumar lasisin direbobi da abubuwan hawa, idan babur ya zo gwajin lafiya, su kama bayan kujera su girgiza ta su leƙa ƙarƙashinta, abin da ba zai ci minti ɗaya ba, hukumar kiyaye haɗurra ta NRSA kuma ta haɗa wannan da faɗakarwar da take yi kan hular kwano. Mai babur shi ma yana iya yin wannan gwaji kowace Juma'a idan yana wanki: ya ɗaga bayan kujera da hannu, idan ta motsa ba tare da babur ba, ko ya ga jan gari na tsatsa yana fita daga gefen wata walda, to ya sauke goyo har sai an duba.

Na ce wa saurayin ya dawo bayan mako biyu, domin sababbin robobi sukan ɗan kwanta, ɗauri ya ragu. Ya dawo ranar Asabar da yamma, muka bi bol huɗun da sufana, na baya na hagu ya ƙara karɓar kwatan juyi, sauran ba su motsa ba. Na duba wurin jinyar bututun da tocila ban ga komai ba, amma na ce masa ya riƙa kawo shi duk wata uku in gani, tunda ƙarfen da ya taɓa tsagewa ba a sakin jiki da shi. Hannun mahaifiyarsa ya warware, sai dai ya ce har yanzu ba ta yarda ta sake hawa ba, a motar haya take zuwa Tafo.

Wassalam.

Naka,
Wani mai walda,
Aboabo, Kumasi.